BABI NA TAKWAS: MA'AUNI A TASWIRA DA ZANEN FASAHA

8.0 Gabatarwa

Malamin Hausa ba ya rabuwa da taswira. Idan zai koyar da tarihin Hausa Bakwai, ko yaɗuwar harshen Hausa a Afirka ta Yamma, ko kare-karen harshen, dole ne ya kafa taswira a gaban ɗalibansa. Haka kuma sau da yawa shi ake kai wa takardar fili ko zanen gini a unguwa ko a ƙauye, a ce ya duba ya yi bayani da Hausa, tun da shi ne malami. Duk waɗannan takardu suna ɗauke da wasu 'yan lambobi a gindinsu ko a gefe, kamar 1:50,000 ko 1:100, waɗanda mafi yawan masu karatu ke tsallakewa. Waɗannan lambobi su ne ma'auni, kuma wanda bai karanta su ba, bai karanta taswirar ba.

Wannan babi zai yi bayani a kan ma'anar ma'auni, da hanyoyin rubuta shi, da yadda ake lissafin nisa da faɗi da shi. Za a kuma dubi matsayinsa a zanen fasaha, da wuraren da yake gazawa, sannan a kawo hanyar koyar da shi cikin harshen Hausa.

8.1 Ma'anar Ma'auni

Kalmar taswira ararriya ce daga Larabci, daga tushen da ke nufin suranta abu. Ita kuwa kalmar ma'auni Bahaushiya ce. An gina ta daga aikatau auna, ta hanyar liƙa ɗafa-goshi ma- da ɗafa-ƙeya -i, wato tsarin da ke samar da sunayen kayan aiki kamar mabuɗi da madubi da magirbi. Akwai kuma kalmar sikeli da Hausa ta aro daga Ingilishi, da mizani daga Larabci. To amma a bakin Bahaushe waɗannan biyun sun tsaya ne a kan abin auna nauyi. Yaron da aka ce masa taswira tana da sikeli, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne sikelin mai nama ko na mai sayen gyaɗa. Saboda haka a wannan babi an zaɓi kalmar ma'auni.

Sai dai ita ma kalmar ma'auni tana buƙatar ƙarin bayani, domin a kasuwa tana nufin mudu ko tiya, wato abin da ake iya ɗauka da hannu. A fagen taswira kuwa, ma'auni dangantaka ce tsakanin tsawo biyu: tsawon da aka zana a takarda, da ainihin tsawon abin a ƙasa. Idan aka rubuta 1:50,000, ana karanta shi “ɗaya ga dubu hamsin”. Ma'anarsa ita ce, duk awo ɗaya a takarda yana wakiltar irin wannan awo dubu hamsin a ƙasa. Santimita ɗaya yana wakiltar santimita 50,000, inci ɗaya yana wakiltar inci 50,000. Ke nan an ƙanƙantar da kowane tsawo sau dubu hamsin, ba tare da an fifita wani sashe a kan wani ba.

Dalilin yin haka a fili yake. Daga gaɓar teku zuwa iyakar arewa, tsawon Nijeriya ya haura kilomita 1,000. Babu takardar da za ta ɗauki wannan. Da za a zana ƙasar a kan ma'aunin 1:50,000, da sai an nemi takarda mai tsawon fiye da mita 20. Idan kuwa aka zana ta a kan 1:5,000,000, tsawonta zai ɗan haura santimita 20 kawai, wanda shafin littafi zai iya ɗauka.

8.2 Daga Awon Gargajiya Zuwa Daidaitaccen Awo

Bahaushe yana da hanyoyinsa na auna tsawo tun kafin zuwan rula da tef. Akwai taƙi, wato buɗin tafin hannu. Da kamu, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu. Da gaba, wato buɗin hannuwa biyu. Da kuma taku. Nisan tafiya kuwa ana ƙididdige shi da zango ko da kwanaki. Waɗannan awo sun wadatar da masaƙa da magina da fatake, amma sun dogara ga jikin mai awon. Kamun dogo ba ɗaya yake da na gajere ba, kuma kwana guda a kan doki ya fi kwana guda na ayarin jakuna nisa.

Zanen taswira ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A shekarar 1824, lokacin da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya ziyarci Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi zanen da ke nuna garuruwa da mabiyar kogin Kwara, wanda aka buga a littafin tafiyar a shekarar 1826. Irin wannan zane yana nuna wane gari ne ke gaban wane, kuma ta ina kogi ya bi. Abin da taswirar zamani ta ƙara a kai shi ne ma'auni guda da ya game dukkan takardar, ta yadda mutum zai ɗora rula ya fitar da nisa, ko da bai taɓa taka wurin ba.

Tsofaffin taswirorin Turawan Ingila sun yi amfani da inci da mil. Shahararren ma'auninsu shi ne “inci ɗaya ga mil ɗaya”, wanda yake daidai da 1:63,360, domin akwai inci 63,360 a cikin mil guda. Nijeriya ta koma tsarin mita a shekarun 1970, shi ya sa ma'aunan da ɗalibi zai fi cin karo da su su ne masu cikakkun lambobi, irin su 1:50,000 da 1:100,000 da 1:250,000. A Jamhuriyar Nijar kuwa, taswirorin da Faransawa suka bari sun fi yawa a kan 1:200,000.

8.3 Hanyoyin Bayyana Ma'auni

Akwai hanyoyi uku da ake bi wajen rubuta ma'auni a jikin taswira ko zane.

8.3.1 Ma'auni Na Bayani

Wannan shi ne wanda ake rubutawa da kalmomi, alal misali: “santimita ɗaya yana wakiltar kilomita ɗaya”. Shi ne mafi sauƙin fahimta ga yara. Rauninsa shi ne ya ɗaure mai karatu ga harshe ɗaya da kuma nau'in awo ɗaya. A nan ya kamata malami ya kula da kalmar da zai yi amfani da ita. Kuskure ne a ce “santimita ɗaya daidai yake da kilomita ɗaya”, domin yaro mai hankali zai ga ƙarya ce. Abin da ya dace shi ne a ce “yana wakiltar” ko “yana a madadin”.

8.3.2 Ma'auni Na Adadi

Shi ne wanda ake rubutawa da lambobi zalla, kamar 1:100,000 ko 1/100,000. Lambar hagu ta takarda ce, ta dama kuma ta ƙasa. Ba a rubuta masa santimita ko inci, domin sharaɗinsa shi ne awon ɓangarorin biyu ya zama iri ɗaya. Wannan ne ya sa Bafaranshe da Balarabe da Bahaushe duk za su karanta shi ba tare da tafinta ba.

8.3.3 Ma'auni Na Layi

Layi ne miƙaƙƙe da ake zanawa a gindin taswira, a rarraba shi gida-gida, a rubuta wa kowane gida nisan da yake wakilta. Yawanci akan ƙara rarraba gidan farko, wanda ke hagu da sifiri, zuwa ƙananan gidaje don auna guntun nisa. Fifikon wannan ma'auni a kan sauran biyun shi ne, idan aka ƙara girman taswirar ko aka rage shi da injin fotokwafi, layin yana ƙaruwa ko raguwa tare da ita, don haka yana nan a kan gaskiyarsa. Na bayani da na adadi kuwa, da zarar girman takarda ya sauya sun tashi daga aiki. Irin wannan layi ne ake gani a gindin taswirar wayar hannu, kamar Google Maps, inda adadin da ke jikinsa yake sauyawa duk lokacin da aka jawo taswirar kusa ko aka tura ta nesa.

8.4 Lissafin Nisa da Faɗi

Kafin a shiga lissafi, dole ɗalibi ya riƙe cewa santimita 100 ne ke yin mita ɗaya, mita 1,000 ke yin kilomita ɗaya, saboda haka akwai santimita 100,000 a cikin kilomita guda. Daga nan sai a dubi nau'o'in tambaya uku.

Na farko, daga takarda zuwa ƙasa. A taswira mai ma'aunin 1:50,000, an auna tsakanin ƙauyuka biyu an sami santimita 7. Sai a ninka 7 sau 50,000, a sami santimita 350,000. Idan aka raba da 100,000, amsar ita ce kilomita 3.5.

Na biyu, daga ƙasa zuwa takarda. Ana son a zana hanya mai tsawon kilomita 8 a kan wannan ma'auni. Kilomita 8 shi ne santimita 800,000. A raba da 50,000, a sami santimita 16.

Na uku, gano ma'aunin taswirar da gindinta ya yage. Idan an san cewa tsakanin garuruwa biyu kilomita 12 ne a miƙe, kuma a takarda an sami santimita 6, sai a raba 1,200,000 da 6, a sami 200,000. Ma'aunin ke nan 1:200,000.

Akwai gajeriyar hanya da ke sauƙaƙa wa ɗalibi. Idan aka soke sifiri biyu daga lambar dama, abin da ya rage shi ne yawan mitocin da santimita ɗaya ke wakilta. A 1:50,000, santimita ɗaya yana wakiltar mita 500. A 1:100,000, mita 1,000, wato kilomita ɗaya.

A lura cewa rula tana ba da nisa ne a miƙe, irin tafiyar tsuntsu. Tsakanin Kano da Katsina kimanin kilomita 150 ne a miƙe, don haka a taswira mai ma'aunin 1:1,000,000 za a sami kusan santimita 15. Hanyar mota kuwa ta kai kimanin kilomita 170, saboda kwane-kwane. Idan ana son nisan hanya ko na kogi, sai a kwantar da zare a bi da shi duk inda layin ya karkata, sannan a miƙe zaren a kan rula ko a kan ma'aunin layi. Haka kuma taswira ba ta lissafa hawa da gangara. Wanda zai hau dutse zai yi tafiyar da ta fi wadda takarda ta nuna.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne wajen lissafin faɗin fili. Ma'auni na tsawo ne, shi kuwa fili yana da tsawo da faɗi, don haka ƙanƙantarwar sau biyu take aukuwa. A ɗauki gona mai kusurwa huɗu da ta fito santimita 4 a tsaye da santimita 3 a kwance, a taswira mai ma'aunin 1:10,000. Hanyar da ta dace ita ce a fara mayar da kowane gefe zuwa ainihin tsawonsa: mita 400 da mita 300. Idan aka ninka su za a sami murabba'in mita 120,000, wato hekta 12. Ɗalibin da ya fara ninka 4 da 3, sannan ya ninka 12 sau 10,000 kawai, zai tashi da murabba'in santimita 120,000, wato murabba'in mita 12. Ya mayar da gonar hekta goma sha biyu ta koma girman ɗakin kwana ke nan. Wannan ƙa'ida ce kuma ta sa idan aka sake zana taswirar 1:100,000 a kan 1:50,000, takardar da za a buƙata ninki huɗu ce.

8.5 Babban Ma'auni da Ƙaramin Ma'auni

Masana taswira suna kiran 1:1,000 babban ma'auni, suna kuma kiran 1:5,000,000 ƙaramin ma'auni. Wannan yakan rikita mai koyo, domin idonsa yana ganin miliyan biyar ta fi dubu. Maganin ruɗanin yana cikin abin da Bahaushe ya riga ya sani a rabon gado. Rubu'i ya fi sumuni yawa, duk da cewa takwas ta fi huɗu, saboda abin da aka raba gida huɗu kasonsa ya fi na wanda aka raba gida takwas. Haka ɗaya bisa dubu ya fi ɗaya bisa miliyan biyar girma nesa ba kusa ba. Wato duk lokacin da lambar dama ta ƙaru, ma'aunin raguwa yake yi.

Taswira mai babban ma'auni tana ɗaukar ƙaramin yanki, amma tana nuna shi dalla-dalla: gidaje da lunguna da rijiyoyi. Mai ƙaramin ma'auni tana ɗaukar ƙasa ko nahiya, amma birni guda ɗigo ne a cikinta. Don sauƙaƙa wa yara, malami yana iya kiran ta farko taswirar kusa, ta biyu kuma taswirar nesa, kafin daga baya ya gabatar musu da sunayen da masana ke amfani da su.

A ɗauki fulotin da aka saba yankawa a biranen Arewa, mai ƙafa 50 da ƙafa 100, wato kimanin mita 15 da mita 30. A takardar safiyo mai ma'aunin 1:500 zai fito santimita 3 da santimita 6, har a iya nuna inda kowane dutsen iyaka yake. A taswirar 1:50,000 kuwa tsawonsa bai kai milimita ɗaya ba, bai fi bakin fensir ba. Saboda haka ba a raba gardamar iyakar fuloti da irin wannan taswira, ko da kuwa ta hukuma ce.

Taswirorin ƙasa na Nijeriya suna nuna yadda ma'aunai ke shiga cikin juna. Kowane falle mai ma'aunin 1:100,000 yana da suna da lamba, kamar fallen Zariya mai lamba 102. An kuma raba shi gida huɗu: arewa maso gabas, arewa maso yamma, kudu maso gabas da kudu maso yamma. Kowane gida falle ne mai zaman kansa a kan 1:50,000, wanda ke ɗauke da yanki mai kimanin kilomita 27 a kowane gefe.

Abin da ya kamata a fahimta a nan shi ne, ma'auni ne ke yanke hukuncin abin da zai shiga taswira da abin da za a bari. Rashin ganin ƙauye a taswirar jiha ba ya nufin babu ƙauyen. Mai zanen ne ya rasa wurin sa shi.

8.6 Ma'auni a Zanen Fasaha

Zanen fasaha shi ne zanen da injiniya ko mai zayyanar gini ke yi domin magini ko kafinta ko maƙeri ya bi ya samar da abin. Bambancinsa da taswira shi ne, taswira tana kwaikwayon abin da yake akwai, shi kuwa zanen fasaha umurni ne a kan abin da za a yi. Don haka kuskuren karanta shi yana jawo asarar siminti da ƙarfe da kuɗi.

Ma'auni a zanen fasaha iri uku ne:

(a) Cikakken girma, wato 1:1, inda zane da abin suke daidai.

(b) Ma'aunin ragewa, kamar 1:20 da 1:50 da 1:100 da 1:500. Akan zana shimfiɗar ɗakunan gida a kan 1:100 ko 1:50, filin da ginin zai zauna a kan 1:500, sassa masu buƙatar bayani kamar tushe ko matakala a kan 1:20 ko 1:10.

(c) Ma'aunin ƙarawa, kamar 2:1 da 5:1 da 10:1, domin ƙananan abubuwa irin su kusar agogo. A kan 5:1, kusa mai tsawon milimita 4 za ta fito milimita 20 a takarda. A nan ma lambar hagu ta takarda ce. Taswira ba ta amfani da wannan nau'i.

Waɗannan lambobi ba da ka aka zaɓe su ba. Hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, wato ISO, ta tsara su a ƙa'idarta mai lamba 5455 ta shekarar 1979, domin zanen da aka yi a wata ƙasa ya karantu a wata. Akwai kuma rula ta musamman mai gefe uku, wadda kowane bakinta ke ɗauke da ma'auni dabam, ta yadda mai aiki zai karanta ainihin tsawo kai tsaye ba sai ya yi lissafi ba.

Ƙa'idoji biyu ne ya wajaba a riƙe. Ta farko, duk lambar da aka rubuta a jikin zane ainihin girman abin ce, kuma yawanci da milimita. Idan aka ga 3600 a gefen ɗaki, ana nufin mita 3.6, duk da cewa a kan 1:100 layin milimita 36 ne kawai. Idan aka ga 225 a kan bango, ana nufin kaurin bulo mai inci tara. Ta biyu, rubutacciyar lamba ita ce abin bi, ba abin da rula ta auno daga takarda ba.

Misali guda zai nuna dalilin ƙa'ida ta biyu. Mai zayyana ya yi zane a takarda A3, mai milimita 297 da 420, a kan 1:100. Mai gida ya kai shagon fotokwafi aka rage masa shi zuwa A4, mai milimita 210 da 297, don ya ji daɗin ninkewa a aljihu. Wannan ragi yana mayar da kowane layi zuwa kashi 71 cikin ɗari na tsawonsa, amma rubutun “1:100” yana nan bai sauya ba. Layin da yake milimita 36 ya koma kusan 25.5. Maginin da ya ɗora rula a kan wannan takarda zai haƙa tushen ɗaki mai mita 2.55 a maimakon 3.6, an yi asarar fiye da mita guda ke nan, kuma ba za a farga ba sai an zo shigar da gado. Ainihin ma'aunin takardar ya koma kimanin 1:141.

8.7 Inda Ma'auni Yake Gazawa

Duniya ƙwallo ce, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya. Kamar yadda ba a iya shimfiɗe ɓawon lemo ba tare da ya tsage ko ya miƙe ba, haka ba a iya zana duniya a takarda ma'auni ya zama ɗaya a ko'ina. A taswirar gari ko ta ƙaramar hukuma, bambancin bai kai a damu da shi ba. A taswirar duniya kuwa babba ne.

Taswirar da Gerardus Mercator ya fitar a shekarar 1569, domin amfanin matuƙa jiragen ruwa, ma'auninta daidai yake a kan layin da ya raba duniya biyu, amma yana ƙaruwa yayin da ake nufar arewa ko kudu. A daidai Kano, wadda ke kan digiri 12 arewa da wannan layi, ƙarin kimanin kashi 2 ne cikin ɗari. A kan digiri 60 kuwa tsawo ya ninka sau biyu, faɗin fili kuma sau huɗu. Wannan ne ya sa tsibirin Girinlan yake fitowa kusan daidai da Afirka, alhali Afirka, mai murabba'in kilomita kimanin miliyan 30, ta ninka shi kusan sau 14. A shekarar 2025 Tarayyar Afirka ta goyi bayan kiran a riƙa amfani da taswirorin da ke nuna girman nahiyoyi daidai, irin wadda ake kira Equal Earth, da aka ƙirƙiro a shekarar 2018. Malamin da ke da taswirar Mercator a bangon ajinsa ya kamata ya ajiye ƙwallon duniya kusa da ita, yara su gwada su gani.

Gazawa ta biyu ita ce kaurin layi, domin shi ma layin yana da nasa faɗi a ƙasa. Yarjejeniyar da Nijar da Burkina Faso suka ƙulla a shekarar 1987 ta tanadi cewa, inda takardun mulkin mallaka na 1927 suka gaza fayyace iyaka, za a bi layin da ke taswirar Faransa ta 1960 mai ma'aunin 1:200,000. Kotun Duniya ta yi aiki da wannan tanadi a hukuncinta na shekarar 2013. A irin wannan taswira, milimita ɗaya yana wakiltar mita 200, faɗin da zai iya ɗaukar rijiya ko gona ko gidaje da dama.

Wannan batu ya shafi malamin Hausa kai tsaye wajen koyar da karin harshe. An saba raba kare-karen Hausa zuwa na gabas da na yamma. Bakano yana cewa “yaro ne, riga ce”, Basakkwace yana cewa “yaro na, riga ta”, a Zazzaganci kuma akan ji “riga ne”. Taswirorin da ke nuna iyakokin waɗannan kare-kare masu ƙaramin ma'auni ne. A kan 1:5,000,000, layi mai kaurin milimita ɗaya ya mamaye kilomita 5. A kan 1:10,000,000 kuma kilomita 10. Ƙari a kan haka, karin harshe ba ya yankewa kamar katanga, saje yake yi a hankali daga gari zuwa gari. Don haka kuskure ne ɗalibi ya dubi irin wannan taswira ya yanke hukuncin cewa ƙauye kaza Katsinanci yake yi, maƙwabcinsa kuma Kananci. Amsar wannan tambaya sai an je an saurari mutanen.

8.8 Koyar da Ma'auni Cikin Hausa

Ƙa'idar koyarwa ita ce a tashi daga abin da yaro ya sani zuwa wanda bai sani ba. Ga matakan da malami zai iya bi:

1. Ya sa yara uku masu bambancin tsawo su auna tsawon aji da taku. Amsoshinsu za su bambanta, daga nan su da kansu za su ga buƙatar daidaitaccen awo.

2. A auna ajin da tef. A ce an sami mita 9 da mita 7. Malami ya tambaye su yadda za a shigar da wannan a shafin littafi.

3. A amince cewa santimita ɗaya zai wakilci mita ɗaya. Kowa ya zana ɗaki mai santimita 9 da 7, ya sa ƙofa da tagogi da allo a kan wannan ma'auni.

4. A rubuta ma'aunin ta hanyoyi ukun nan a gindin zanen: da kalmomi, da adadi 1:100, da kuma layi.

5. A fita a auna harabar makaranta. Yara za su ga 1:100 ba zai ɗauke ta ba, sai an koma 1:1,000, kuma a wannan karon babu wurin zana tagogi.

6. Sai bayan haka a kawo taswirar ƙaramar hukuma, da ta jiha, da ta ƙasa.

Ya kamata malami ya tsaya a kan kalmomin da ya zaɓa tun daga farko. Idan yau ya ce ma'auni, gobe sikeli, jibi mizani, yaro zai ɗauka abubuwa uku ake nufi.

8.9 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa ma'auni dangantaka ce tsakanin tsawon da ke takarda da ainihin tsawon abu, kuma ana rubuta shi da kalmomi ko da adadi ko da layi. An nuna yadda ake lissafin nisa da faɗin fili, da dalilin da ya sa 1:1,000 ya fi 1:5,000,000 girma. An kuma bayyana cewa a zanen fasaha rubutacciyar lamba ake bi, sannan taswirar duniya da kaurin layi suna da iyakar abin da za su iya tabbatarwa. Saboda haka duk lokacin da aka miƙo wa malami taswira ko zane, abin da zai fara nema shi ne ma'auni, sannan ya tabbatar takardar tana nan a girmanta na asali, kafin ya ce komai a kan abin da ke cikinta.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Yi bayanin ginin kalmar ma'auni, sannan ka kawo dalilin fifita ta a kan sikeli a fagen taswira.

2. Kawo hanyoyi uku na bayyana ma'auni. Wanne ne ba ya ɓaci idan aka rage girman taswira, kuma don me?

3. A taswira mai ma'aunin 1:250,000 an auna santimita 9 tsakanin garuruwa biyu. Nawa ne nisansu da kilomita?

4. Wani fili ya fito santimita 5 da santimita 2 a kan 1:20,000. Fitar da faɗinsa da hekta.

5. An rage zanen gini daga A3 zuwa A4. Wace shawara za ka ba maginin da zai yi aiki da shi?

6. Tattauna matsalar dogaro da taswira mai ƙaramin ma'auni wajen tantance iyakokin kare-karen harshen Hausa.

Aikin Yi

Auna harabar sashen da kake karatu, ka zana ta a kan ma'aunin da ka ga ya dace da takarda A4. Rubuta ma'aunin ta hanyoyi uku cikin Hausa, tare da taƙaitaccen bayanin abubuwan da ma'aunin ya tilasta maka barinsu a waje.